Kafin Ki Sayar Da Sarƙar: Wa Zai Biya Kuɗin Sake Gwada Yaron?

Assalamu alaikum Anti. Daga Amurka nake rubuto miki, don Allah a sakaya sunana da na garin da muke. Shekara ɗaya da rabi ke nan da ni da yara muka biyo maigida daga Nijar. Shi tasi yake tuƙawa, ni kuma ina kitso a shagon wata baiwar Allah. Babban ɗana shekararsa 8. Hausa muke yi a gida, kuma kafin mu taso ya yi shekara ɗaya a makarantar Faransanci. Turancin baki ya fara kama shi, amma har yau bai iya haɗa haruffa ya karanta ba. Malamarsa ta ce a gwada shi, muka sa hannu. Wata ma'aikaciyar makarantar ta zauna da shi sau biyu, da Turanci zalla, ba tafinta. Da sakamako ya fito sai suka ce yana da tawayar ƙwaƙwalwa, a mayar da shi ƙaramin aji na yara masu buƙata ta musamman. Anti, yaron nan ya haddace izu biyu da ka. Shi ke lura da ƙannensa in ina girki, in na aike shi shago canji ba ya ɓace masa. Na san akwai abin da ke damunsa a karatu, amma zuciyata ta ƙi karɓar wannan sunan, shi ya sa ban sa hannu a takardar ajin ba tukuna. Wata abokiyar aikina ta haɗa ni da wani likita mai zaman kansa da ke irin wannan gwaji, ya ce dala 4,500. Ba mu da su. Na yi niyyar sayar da sarƙar zinariya da mahaifiyata ta ba ni, in haɗa da kwasar adashina. Maigida ya ce sam, kada mu ja da hukuma tunda takardunmu ba su gama daidaita ba, in abin ya gagara a mayar da yaron gida wurin kakarsa. Yau kwana huɗu daga gaisuwa ba abin da ke haɗa mu. Me zan yi?

Wa alaikumus salam 'yar'uwata. Allah ya raya mana yaran nan, ya sanyaya miki zuciya. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma inda ta fi taɓa ni shi ne wurin sarƙar, don na san ba ƙaramin abu ne zai sa mace ta ɗauko abin da uwarta ta ba ta ta nufi kasuwa da shi ba. Ki mayar da ita akwati tukuna. Kwasar adashin ma ki riƙe ta. Gwajin da kike son saye da dala 4,500, dokar ƙasar da kike zaune ta ba ki damar neman hukumar makarantun yankinku ta biya shi, kuma abin da zai buɗe miki wannan ƙofar bai wuce wasiƙa mai layi biyar ko shida ba. Sai dai a bi tsari: wasiƙa ita ce gaba, likita yana biye. In kika fara biya daga aljihunki, karɓo kuɗin daga baya wani dogon rikici ne da ba kowa ke cin nasararsa ba.

Dokar da nake nufi ita ce IDEA, dokar tarayya ta ilimin yara masu naƙasa. Tun 1975 aka kafa ta, zamanin Shugaba Gerald Ford, ta samu wannan sunan a 1990, aka yi mata babban gyara a 2004, kuma tana aiki a kowace jiha. A cikin ƙa'idojinta akwai sashe mai lamba 300.502, ki rubuta lambar nan ki ajiye. Abin da ya ƙunsa shi ne, idan hukumar makaranta ta gwada yaro kuma iyaye ba su gamsu da gwajin ba, suna da haƙƙin neman wani ƙwararre wanda ba ma'aikacin hukumar ba ya sake gwada shi, da kuɗin gwamnati. Da zarar kin nema, hanya biyu kawai doka ta bar musu. Ko su biya, ko kuma su da kansu su kai maganar gaban mai sauraron ƙara su tabbatar cewa gwajinsu ya cika ƙa'ida. Ba a ba su hanya ta uku ta yin shiru ko ta cewa "ba ma yi" a kashe magana ba, kuma an ce su zaɓa ba tare da jan lokaci marar dalili ba. Wannan haƙƙin yana cikin wancan ƙunshin takardu masu ƙananan rubutu da suka miƙa miki ranar da kuka sa hannu a gwajin farko, wanda na tabbata da Turanci aka ba ki. Shi ma doka ta ce a ba da shi da harshen da iyaye ke ji, in harshen ba a saba rubuta shi ba a fassara musu da baki. Ki nemi a yi miki hakan.

Wasiƙar kuwa, ki aika wa daraktan sashen ilimi na musamman na hukumar, ki ba shugaban makarantar kwafi. Ki sa sunan yaron da ranar haihuwarsa da ranar da aka yi gwajin, ki ce ba ki yarda da gwajin ba, sannan ki rubuta kalmomin nan kamar yadda suke, don su ne suka san su: independent educational evaluation at public expense. Ki ƙara da roƙon su turo miki sharuɗɗansu na irin wannan gwaji da sunayen wuraren da ake yin sa. Ki sa kwanan wata. In ta imel ce, shaidarki na nan a wayarki. In da hannu kika kai, ki tafi da kwafi biyu a buga wa naki hatimin karɓa. Kada ki tsaya a faɗa wa malama a bakin ƙofa lokacin ɗaukar yara, maganar baki iska ce ke tafiya da ita. Suna iya tambayarki dalilin ƙin yardarki, amma doka ta hana su tilasta miki bayani ko su riƙe buƙatar har sai kin yi. Ni dai da ni ce zan faɗi dalilin a layi ɗaya, cewa an gwada yaro mai jin Hausa da Turanci kaɗai, domin dalili ne mai nauyi, kuma duk wanda ya karanta a ofishin zai gane cewa kare wannan gwajin gaban mai sauraron ƙara ba zai yi sauƙi ba.

Bari in ɗan daɗe a nan, don ina so ki san cewa abin da zuciyarki ta ƙi karɓa yana da tushe, ba son ɗa ba ne kawai. Ƙa'idar gwaji a dokar ta ce a gwada yaro da harshensa na asali ko ta hanyar da ta fi yiwuwa ta nuna ainihin abin da ya sani, sai fa in hakan ya gagara ƙarara. Ta ce kada a dogara da ma'auni guda wajen yanke hukunci. Ta kuma ce ba a lissafa yaro cikin masu naƙasa idan babban abin da ya jawo raunin karatunsa shi ne ƙarancin Turanci, ko rashin samun koyarwar karatu da lissafi yadda ya kamata. Waɗannan ƙa'idoji ba haka kawai suka faɗo ba. A 1970 aka yi wata shari'a a jihar Kalifoniya, wadda aka sani da sunan Diana, kan yara 9 'yan asalin Meziko da aka gwada da Turanci aka zuba su ajin masu tawayar ƙwaƙwalwa. Da aka sake gwada su da wanda ke jin Sifaniyanci, mafi yawansu suka fita daga wannan rukuni. Shekara 50 da ɗoriya ke nan, amma har yau ana maimaita kuskuren a kan yaran baƙi, musamman masu harsunan da ba a saba ji a ofisoshin makarantu ba, irin namu.

Abin da ke rikita malamai shi ne daidai abin da kika faɗa, cewa Turancin baki ya fara kama shi. Wani masanin ilimin harsuna a Kanada, Jim Cummins, ya daɗe da nuna cewa yaro baƙo kan iya hirar filin wasa cikin kamar shekara 2, amma Turancin littafi da na jarrabawa yakan ɗauki shekara 5 zuwa 7 kafin ya kamo tsararsa. Sai a ji yaro yana surutu da abokai a ɗauka ya iya, a zaunar da shi a tambaye shi ma'anar kalmomin da bai taɓa ji ba, ko kamannin da ke tsakanin abubuwa biyu da a ƙasarsu ba a san ɗayan ba, ya yi shiru, a rubuta masa sifili. Ɗanki kuwa harshe na uku yake ciki a shekara 8, in aka haɗa da Larabcin allo na huɗu. Sannan shi wannan suna da suka ba shi, a ma'anarsa ta doka, ba ya tabbata da makin gwajin basira kaɗai. Dole sai an samu rauni a yadda yaro ke tafiyar da rayuwarsa ta yau da kullum, wato wanka da sa kaya, aike, riƙe kuɗi, zama da mutane. Wannan ɓangaren daga bakin iyaye ake samun mafi yawansa, ta wasu jerin tambayoyi da ake yi musu. Shin an zauna da ke da tafinta an yi miki su? In ba a yi ba, to an bar rabin aikin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma maganar canji da lura da ƙanne da kika kawo shaida ce da ya kamata ta shiga rahoto. Ki nemi cikakken rahoton da duk fayil ɗin yaron. Doka ta ba su kwana 45 iyaka, kuma dole su ba ki kafin duk wani zama da za a yi a kansa.

Da na faɗi wannan, ba na so ki shiga makarantar nan da zuciyar yaƙi. Malamar da ta ce a gwada shi ta ga yaro yana nutsewa ne ta yi ihu, kuma da ta yi shiru ta tura shi aji na gaba da ya fi muni. Ita ma mai gwajin, irinsu sau da yawa mutum ɗaya ne ke zagaya makarantu da dama, ga wa'adin da doka ta sa mata, ga shi ba ta taɓa jin kalmar Hausa ba balle ta san inda za ta samo tafinta. Wannan ba ya wanke gwajin, amma yana nuna miki cewa gajeren aiki ne aka yi, ba ƙiyayya ba. Za ki ci gaba da zama da mutanen nan shekaru, ƙannensa ma nan za su shiga. Ki gaya wa malamar da bakinki cewa kin gode da kulawarta, kuma wasiƙar da kika aika neman ƙarin haske ce a kan yaron, ba ƙararta kika kai ba.

Akwai kuma maganar da dole in faɗa miki ko da ba ta da daɗi. Gwaji na biyu ba a yin sa don a ji abin da ake so. Yana iya share wancan suna gaba ɗaya ya ce matsalar harshe ce da lokaci. Yana iya share shi ya kawo wani, misali matsalar da suke kira disleksiya, inda yaro mai kaifin basira ke shan wuyar haɗa harafi da sautinsa. Yana iya gano cewa kunne ne ko ido. Kuma yana iya dawowa kusa da abin da na farko ya faɗa, don haddar izu biyu alama ce mai kyau ƙwarai amma ita kaɗai ba ta rufe magana. Ki shirya wa kowanne. Akwai wani ɗan bincike da za ki iya yi a satin nan ba ko sisi: ki je wurin malaminsa na Islamiyya ki tambaye shi ba kara, shin yaron yana gane babbaƙu da farfaru in an nuna masa a allo, ko da kunne kawai yake ɗauka yana bin baki? In a Larabci ma haruffa na rikice masa, kuma can a makarantar Faransanci haka aka yi fama, to abin ya wuce baƙuntar Turanci, yana bin sa duk harshen da ya shiga. In kuwa yana karanta allonsa sumul, wannan babbar hujja ce a hannunki. Ko wanne ne, ki rubuta amsar malam ki kai wa mai gwaji na biyu. Ki kuma kai shi wurin likitan yara a duba ji da gani sosai, ba irin dubawar minti biyu ta makaranta ba.

Idan hukumar ta amince, za su turo miki jerin sunaye da iyakar kuɗin da suka saba biya. Ba dole ba ne ki zaɓa daga jerin, matuƙar wanda kika kawo ya cika sharuɗɗan da su ma suke bi a nasu gwajin, kamar takardar shaidar aiki da nisan wuri. Iyakar kuɗin ma ba ƙarfe ba ce: an yarda su sa ta, amma dole su ba iyaye damar nuna cewa yanayin ɗansu na daban ne, kuma yaro mai Hausa da Faransanci da ke buƙatar tafinta da ƙarin zama yana da abin faɗa a nan. Ki yi hattara wajen zaɓe, don gwaji ɗaya tak ake biya miki a kan kowane gwajin hukuma da kika ƙi. Likitan da abokiyar aikinki ta kawo, kafin ki ba da sunansa ki tambaye shi ko ya saba gwada yaran da Turanci ba harshensu ba ne, ko zai yi aiki da tafintan Hausa wanda aka horar, ba maƙwabci ko ɗan'uwa ba, ko yana amfani da gwaje-gwajen da ba sa buƙatar magana irin su Leiter da UNIT, ko zai je ajin ya ga yaron da idonsa, ko zai zo zaman makaranta ya yi bayanin rahotonsa, kuma ko yana karɓar biya kai tsaye daga hukuma. In ya yi ta kame-kame a tambaya ta farko, ki nemi wani, don tsadar gwaji ba ta hana a maimaita kuskuren da aka yi a kyauta. In akwai ɓangaren da gwajin farko bai taɓa ba sam, kamar na magana da fahimtar harshe, ki ambace shi a wasiƙar; ma'aikatar ilimi ta tarayya ta bayyana a 2015 cewa iyaye na iya neman gwajin waje ya haɗa da abin da aka tsallake. Duk abin da aka amince a kai, a sa shi a takarda kafin a fara.

Idan kuma suka zaɓi kare gwajinsu, za ki samu takardar kira zuwa zaman sauraro. Kada gabanki ya faɗi. Ba kotun laifi ba ce, ba a tsare kowa, zama ne gaban mutumin da ba ma'aikacin hukumar ba, kuma tunda su suka shigar, a bisa ƙa'ida su ke da nauyin kawo hujja. Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar Schaffer ta 2005 ta ɗora nauyin hujja a kan wanda ya kai ƙara, kuma a cikin wannan hukuncin ne ta ambaci gwajin waje a matsayin abin da ke hana a bar iyaye su fuskanci hukuma ba tare da nasu masanin ba. Kina da damar janye buƙatarki in kika ga ba za ki iya ba, kina da damar neman sulhu, wanda kyauta ne, kuma ko sun yi nasara ba a hana ki yin gwajin da kuɗinki. Amma kada ki je ke kaɗai. Kowace jiha tana da cibiyar horar da iyayen yara masu naƙasa da gwamnatin tarayya ke ba kuɗi, kuma kowace jiha tana da hukumar kare haƙƙin naƙasassu mai lauyoyi. Duka ba sa karɓar kuɗin shawara. Ki kira su tun yanzu ma, kafin ki aika wasiƙar, don jihohi na da ƙananan bambance-bambance, wasu sun yanka adadin kwanakin da hukuma za ta ba da amsa. In an yi sati biyu zuwa uku shiru, ki sake rubutawa. In shirun ya ci gaba, akwai ƙorafi a rubuce zuwa ma'aikatar ilimi ta jiha, wanda ake yanke shi cikin kwana 60.

A ce duk wannan ya toshe, dole sai aljihu. Ko a nan ma sarƙar ce ta ƙarshe. Jami'o'i da dama da ke horar da masana halayyar ɗan'adam suna da asibitin koyarwa inda ɗalibai ke gwaji ƙarƙashin malamansu, ana biya gwargwadon samun mutum, sai dai akwai layi. In yaron yana da Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ko wata inshora, likitan yara na iya tura shi gwaji ta fuskar lafiya, kodayake inshora takan noƙe in ta ga abin na karatu ne zalla. Rahoton da kika biya da kanki, muddin ya cika sharuɗɗa, dole makaranta ta duba shi ta tattauna a kansa. Ki lura da kalmar: dubawa ce dole, bi ba dole ba ne, kuma haka abin yake ko da su suka biya. Shi ya sa zuwan likitan wurin zaman makaranta yake da muhimmanci. Ki kuma sani cewa tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2006 a shari'ar Murphy, iyayen da suka ci shari'a ba a mayar musu da kuɗin da suka biya masanin da ya ba da shaida. Wannan ma dalili ne na bin ƙofar da doka ta buɗe tun farko.

Game da takardar da ba ki sa wa hannu ba, kin yi daidai da kika dakata. Ba a fara sa yaro a tsarin ilimi na musamman karo na farko sai da amincewar iyaye a rubuce. Amma dakatawar tana da nata farashi, don gwajin waje kan ɗauki watanni, yaron kuma yana zaune a aji bai iya karatu ba. Ki rubuta musu cewa ba ƙin taimako kike yi ba, kina jiran sakamako na biyu ne kafin ki yanke shawara kan ajin, kuma kina roƙon a ci gaba da ba shi darasin Turanci na baƙi da ƙarin taimakon karatu a ƙaramin rukuni, waɗanda ba sa buƙatar a liƙa masa kowane suna. Duk zaman da za a kira ki, ki nemi tafinta tun kafin ranar; haƙƙinki ne. Kada ki bari a mai da yaron ko wani yaro tafinta a zaman da ake maganar ƙwaƙwalwarsa.

Yanzu maigida. 'Yar'uwa, mutumin nan ba ƙin ɗansa yake ba, tsoro yake ji, kuma tsoron mai iyali a ƙasar da ba tasa ba, da takardu a rataye, ba abin rainawa ba ne. Shi ke kwana a kan titi yana lissafin haya. Da kika ce masa dala 4,500 da sayar da sarƙa, abin da ya ji shi ne ya kasa, har matarsa za ta sayar da kayan uwarta. Da kika ce ba ki yarda da sakamakon ba, abin da ya hango shi ne ofis da 'yan sanda. Yanzu kina da labari daban da za ki kai masa: ba kuɗi za a kashe ba, kuma ba faɗa za a yi ba, takarda ce da su kansu suka rubuta cewa iyaye na iya aikawa. Hukumar makarantu ta yanki ce, aikinta daban da na shige da fice, kuma tun 1982 Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Plyler cewa ba a hana yaro makarantar gwamnati saboda matsayin takardu. In har yanzu hankalinsa bai kwanta ba, ku kai tambayar wurin lauyan da ke riƙe da maganar takardunku, ya ji daga bakinsa. Ki zaɓi lokacin da ya huta ya ci abinci, ki fara da ba shi haƙuri kan kwana huɗun nan ko da kina ganin ke ce da gaskiya, sannan ki roƙe shi ku sa hannu a wasiƙar tare, sunansa a sama. In akwai dattijo a masallacinku da ya taɓa bin irin wannan hanya da ɗansa, maganarsa za ta fi tawa shiga kunnensa.

Maganar mayar da yaron gida kuwa, ban ce har abada ba, akwai yaran da zaman gida ya gyara. Amma ba yanzu ba, kuma ba a kan wannan dalili ba. In matsalar harshe ce, komawa zai sa ya ajiye Turancin da ya fara kamawa ya koma farko a wani tsarin. In kuma akwai wata matsala ta haƙiƙa a karatunsa, za ta hau jirgi tare da shi, ta sauka inda masu gwada ta da masu koyar da irinsa suka fi ƙaranci, a hannun tsohuwar da ba za ta iya bin makaranta tana tambaya ba. Yaro mai shekara 8 kuma ba zai fahimci an kai shi don gata ba, zai ɗauka an cire shi ne daga cikin ƙannensa don bai iya ba. Ki ce wa maigida a bari a ga sakamako na biyu, in ya so a zauna a yi shawarar da ido buɗe.

Shi kansa yaron yana jin komai, ko kuna zaton yana wasa. Ku daina maganar a gabansa, kuma kalmar nan da aka rubuta a rahoto kada ta fita daga bakin kowa a gidan, har a waya da 'yan'uwa na gida, don suna irin wannan in ya bi yaro cikin dangi ba ya goguwa ko takarda ta canza. Kada ku daina yi masa Hausa da sunan taimaka wa Turancinsa. Ƙarfin harshen gida tushe ne da sauran ke hawa kai. Ki ci gaba da sa shi ya biya miki haddarsa da dare, ya ji akwai wurin da shi ne gwani. Ranar da za a kai shi gwaji na biyu, ya yi barci sosai ya karya kumallo, ki gaya masa cewa za su je wurin wani malami ne da ke son ya gano hanyar da karatu ya fi shiga kansa, za a yi wasannin hotuna da tambayoyi, wasu masu sauƙi wasu masu wuya, kuma in bai gane tambaya ba ya faɗa wa tafinta da Hausa a maimaita masa. Ki rubuto min in amsar hukumar ta zo, mu duba ta tare.